Idan duniya tana ɗumama, me ya sa hunturu ke tsayar da jirage?

Tambaya: Malam, ƙanena da ke karatu a Amurka ya shirya zuwa gida hutun ƙarshen shekara, sai da ya kwana uku a filin jirgin sama saboda dusar ƙanƙara, an soke tashinsu har sau biyu. Mu kuma kullum a rediyo ana ce mana duniya ɗumama take yi. To ina ɗumamar, alhali sanyi na hana jirgin sama tashi, yana tsayar da na ƙasa, yana rufe hanyoyin mota? Ko dai zancen sauyin yanayin nan akwai ƙari a ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, sannunku da jira, Allah ya sa ƙanen naka ya sauka lafiya. Ba kai kaɗai ke wannan tambaya ba. A watan Fabrairun 2015 wani ɗan majalisar dattawan Amurka, James Inhofe, ya shiga zauren majalisa da curin dusar ƙanƙara a hannu, ya jefa, wai ga shaida cewa zancen ɗumama shaci-faɗi ne. Shekarar 2014 da ta gabata ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin, 2015 ɗin kuma ta zo ta doke ta.

Bari in ba ka amsar a dunƙule kafin in warware ta. Sanyi yana raguwa a duniya, an auna an gani. Sai dai tsananin sanyi shi kaɗai ba kasafai yake tsayar da sufuri ba. Da haka ne, da babu abin da zai motsa a Saberiya, inda jirgin ƙasa ke keta daji a digiri 40 ƙasa da sifili kamar ba a yi komai ba. Abin da ke karya sufuri shi ne ruwa idan ya haɗu da sanyi, a wurin da ba a shirya masa ba, ko a ranar da ba a zata ba. Ɗumamar duniya kuwa ta ƙara yawan ruwan, ta kuma dagula lissafin masu shiri.

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa zafin duniya a shekarun 2011 zuwa 2020 ya haura na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas, kuma tun shekarun 1950 ranakun matsanancin sanyi suna raguwa a yawa da a tsanani a mafi yawan sassan duniya. Shekarar 2024 ta zarce duk waɗanda aka auna kafin ta. Amma digiri ɗaya da 'yan kai ba ya soke hunturu. Garin da ya saba kaiwa 20 ƙasa da sifili, in ya dawo 17, ruwa dai daskarewa zai yi a cikin famfo. Kuma halin gari na mako guda daban yake da yanayin ƙasa na shekara talatin. Ranar da aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a Agadas ba ta mai da Agadas Fatakwal ba.

Yanzu ga maganar ruwa. Dusar ƙanƙara ruwan sama ce da ta daskare tun tana cikin gajimare, kafin ta zubo kuwa sai iska ta kwaso tururi daga teku ko tafki. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da aka sani tun ƙarni na 19: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100. Shi ya sa dusar da ke binne motoci ba a ranar da sanyi ya fi tsanani take sauka ba. Iskar da ta kai 30 ƙasa da sifili busasshiya ce ƙayau, 'yar'uwar iskar hunturunmu mai fasa leɓe da jawo kaushi. Dusa mai nauyi tana zubowa ne idan ma'auni ya ɗan sauka ƙasa da sifili kaɗan. To idan teku ya ƙara ɗumi, iska ta sha ruwa ta ƙoshi, sannan ta yi karo da sanyin da ya isa ya daskarar da shi, abin da zai zubo a dare ɗaya sai ya ba da mamaki. A wurare da yawa jimillar kwanakin dusa a shekara tana raguwa, amma manyan zubowar ba su ragu daidai da haka ba, a wasu yankuna masu sanyi ma ƙaruwa suke yi. Mai kula da filin jirgi kuwa jimillar shekara ba ta hana shi barci, daren nan guda ne damuwarsa. A Madrid ta Sifaniya, ranakun 8 da 9 ga Janairun 2021, dusa ta kai wajen rabin mita, irin wadda ba a gani ba tun 1971, aka rufe filin jirgin Barajas. A farkon Disambar 2023 birnin Munich na Jamus ya wayi gari da santimita 44, filin jirgi da babbar tashar jirgin ƙasa duk suka tsaya cak.

Misalin da na fi son ba ɗalibai shi ne Buffalo, wani birni a jihar New York da ke zaune a kusurwar gabashin tafkin Erie. Ka ɗauki tafkin a matsayin tukunyar ruwan ɗumi, ƙanƙarar da ke rufe samansa kuma murfinta. Idan iska mai tsananin sanyi ta taso daga Kanada ta bi tsawon tafkin murfin na buɗe, sai ta yi ta kwasar tururi tafiyar ɗaruruwan kilomita, tana isa gaɓa ta juye shi dusa a kan birnin. Da zarar tafkin ya daskare, an rufe tukunya, zubowar ta yi sauƙi. Tun 1973 ake ajiye lissafin ƙanƙarar manyan tafkuna biyar na yankin, waɗanda Erie ke cikinsu, lissafin kuma ya nuna tana raguwa, duk da cewa shekara da shekara sukan bambanta ƙwarai. A watan Disamba dama Erie bai cika rufewa ba. Abin da ɗumama ke yi shi ne ƙara wa ruwan ɗumi da tsawaita lokacin da tukunyar ke zaune a buɗe.

Ranar Juma'a 23 ga Disambar 2022 guguwa ta faɗa wa Buffalo da iska mai gudun fiye da kilomita 110 a awa. Kafin ta lafa dusa ta haura mita ɗaya da kwata. Mutum ba ya ganin gaban motarsa. Motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya su ma suka maƙale, wato masu ceto suka koma neman mai cetonsu. An rufe filin jirgi kwana biyar. Fiye da mutum 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi 'yan taku kaɗan daga gidajen mutane. Babban abin da aka yi ta ƙorafi a kai daga baya shi ne lokacin da aka sa dokar hana tuƙi, domin ta zo ne da hantsi, bayan jama'a da yawa sun riga sun fita wurin aiki da cefanen Kirsimeti. Buffalo fa gari ne da ya san dusa kamar yunwar cikinsa. Bambancin awa biyu ko uku wajen yanke shawara shi ya ci rayuka.

Amma in ka tambayi ma'aikatan hanya da na layin dogo abin da suka fi tsoro, ba dusa za su ce maka ba. Dusa ana ture ta da mota mai faranti a gaba, a share, a wuce. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne ruwan sama mai daskarewa. Yadda yake faruwa: iska mai ɗumi ta hau sama, mai sanyi ta kwanta a ƙasa. Ruwa ya zubo a ruwansa, yana taɓa kwalta ko waya ko fiffiken jirgi sai ya ƙame nan take, ya zama gilashi. Direba zai ga hanya kamar an ɗan yi yayyafi ne kawai, sai ya taka birki ya ji motar ta zama kwalekwale. Gadoji ne ke fara kamawa, domin sanyi na dukansu ta sama da ta ƙasa. Da asubahin 11 ga Fabrairun 2021, a wani sashe na babbar hanya da aka ɗaga sama a Fort Worth ta jihar Texas, motoci kimanin 130 suka yi ta afka wa juna, ƙanana da tireloli, mutum 6 suka rasu.

Mafi girman wannan irin bala'i da na sani a kudancin ƙasar Sin ya auku, Janairu zuwa Fabrairun 2008. Makonni ana ruwa mai daskarewa a lardunan Hunan da Guizhou da maƙwabtansu. Ƙanƙara ta yi ta taruwa a jikin wayoyin lantarki har nauyinta ya karya manyan turakun ƙarfe. Birnin Chenzhou ya yi kusan mako biyu babu wuta. Layin dogon Beijing zuwa Guangzhou kuwa da lantarki yake aiki, wuta na ɗaukewa jirage suka tsaya a inda suke. Abin ya zo daidai da jajibirin sabuwar shekararsu, lokacin da leburorin masana'antu ke komawa ƙauyukansu, kamar dai tashoshinmu ana gobe Sallah amma ninkin ba ninki. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi cirko-cirko a harabar tashar Guangzhou kwana da kwanaki, sai da aka nemo kawunan jirgi masu shan dizal suka riƙa jan taragai. Layin dogon kansa lafiyarsa lau. Wutar da yake dogaro da ita ce ta faɗi.

Ina alaƙar wannan da ɗumama? Garuruwan da a da sanyinsu kan kama tun Disamba ya riƙe har Maris, yanzu da yawansu ma'auninsu yawo yake yi a bakin sifili, yau sama gobe ƙasa. A wannan tsakanin ne ake samun jiƙaƙƙiyar dusa mai manne wa waya da rassan itace, da narkewar rana da daskarewar dare. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, saboda haka duk wanda ya shiga tsagar kwalta da rana, da dare sai ya buɗa ta, kafin bazara hanya ta cika da ramuka. Hatta gishirin da ake barbaɗawa a hanya yana da iyaka. Yana aiki sosai zuwa wajen digiri 9 ko 10 ƙasa da sifili, daga nan ƙarfinsa ya ragu, in kuma ruwan sama ya riga dusa sauka, wanke shi zai yi. Abin da ya faru ke nan a jihar Virginia ranar 3 ga Janairun 2022. Kwanakin da suka gabata gari ya yi ɗumi kamar ba hunturu ba, guguwar ta fara da ruwa, hukumar hanya ba ta zuba maganin ƙanƙara tun da wuri ba don ruwan zai tafi da shi, sai ruwan ya juye dusa mai yawa. Tireloli suka gitta a babbar hanyar I-95, motoci suka kwana a layi tsawon kilomita da dama. Sanata Tim Kaine na cikin waɗanda abin ya rutsa da su, awa 27 ya yi a hanyar da ya saba ci cikin awa biyu.

Saura tambayar da na san tana ranka: shi sanyin da ke gangarowa har Texas, jihar da ke iyaka da Meziko, daga ina? A nan zan bi a hankali, domin masana kansu ba su gama daidaitawa ba. A can saman ƙuryar arewacin duniya, kilomita 10 zuwa 50 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kewayawa duk hunturu, tana tsare sanyin yankin kamar yadda shinge ke tsare garke. Ƙasa da ita akwai wani kogin iska da ke gudu daga yamma zuwa gabas, daidai tsayin da jiragen sama ke bi, shi ne iyaka tsakanin iskar sanyi da ta ɗumi. Wani lokaci sararin saman can yakan yi zafi farat ɗaya, ya ƙaru da digiri 30 har 50 cikin 'yan kwanaki, shingen ya yi rauni ko ya rabe biyu. Bayan mako biyu zuwa shida sai ka ga sanyi ya ɓalle ya yi kudu. Haka aka yi a Fabrairun 2018, ƙarshen watan iskar Saberiya ta rufe Birtaniya, motoci wajen 1,000 suka kwana a kan hanyar M80 a Sikotlan. Haka kuma aka yi a farkon Janairun 2021, tsakiyar Fabrairu filin jirgin Dallas ya auna digiri 19 ƙasa da sifili, gidaje fiye da miliyan 4 suka rasa wuta a Texas, hukumomin jihar suka ƙidaya mutum 246 da suka mutu.

Wannan ɓallewar shinge tsohon abu ne, tun 1952 aka fara lura da shi. Gardamar ita ce ko ɗumama na ƙara yawansa. Yankin ƙuryar arewa yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979. A 2012 masana yanayi biyu, Jennifer Francis da Stephen Vavrus, suka kawo hujjar cewa idan bambancin zafi tsakanin arewa da kudu ya ragu, kogin iskar nan zai rage gudu ya riƙa lanƙwasa, yadda kogi ke yi idan ya sauko daga dutse ya shiga fadama. Judah Cohen da abokan aikinsa sun danganta sanyin Texas da sauyin da ake gani a arewa a wani bincike na 2021. Wasu kuma, irin su James Screen da Russell Blackport, sun duba suka ce alamar ba ta da ƙarfi, kuma lanƙwasar da aka gani a wasu shekaru ba ta ɗore ba. IPCC ta ce tabbacin wannan alaƙa kaɗan ne. Ni a nawa ganin, duk wanda ya ce maka kai tsaye sauyin yanayi ne ya kawo sanyin ranar kaza, ya yi gaggawa. Wanda kuma ya ce sanyin ya ƙaryata ɗumama, shi ya fi kuskure nesa ba kusa ba, domin ita kanta iskar da ke ɓallowa daga arewa ba ta kai ta shekarun baya sanyi ba.

Mu dawo kan ƙanenka da kwanansa uku a kan benci. Jirgin sama ba ya tsoron sanyi. A can sama inda yake tafiya digiri 50 ne ƙasa da sifili, kuma iska mai sanyi ta fi kauri, ta fi ɗaga shi. Matsalarsa a ƙasa take. Ƙanƙara ko da kaurin takardar goge katako ce a kan fiffike, tana ɓata yadda iska ke bin sa, ta rage masa ƙarfin tashi. An koyi wannan da jini: ranar 13 ga Janairun 1982 wani jirgin fasinja ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Washington bayan ya daɗe a layi dusa na sauka a kansa, ya kasa yin sama, ya daki gada ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka hallaka. Doka a yau ita ce ba a tashi sai jikin jirgi tas yake.

Na sha zama kusa da taga ina kallon yadda ake wankin nan. Mota ce mai dogon hannu, da mutum a cikin ɗan akwati a ƙarshensa, riƙe da mesa. Da farko zai feso wani ruwa mai zafi, launin lemo, tururi ya turnuƙe, ƙanƙara ta riƙa zamewa tana faɗuwa. Sannan ya bi da wani kore mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, wanda ke kwanciya a kan fiffike ya hana sabuwa kamawa, sai jirgi ya ɗauki gudu a titi iska ta share shi. Daga lokacin da aka fara fesa na biyun matuƙi ya fara duba agogo, domin kariyar tana da wa'adi. A dusa marar ƙarfi takan kai awa ɗaya ko fiye, a mai ƙarfi 'yan mintoci ne, a ruwa mai daskarewa in ya yi yawa kuwa babu wa'adin ma, ba a tashi. In wa'adi ya ƙare kana layi, sai ka koma a sake. Kowane jirgi na cin minti 10 zuwa 20 ko fiye, motocin ƙidayayyu ne, mutumin da ke cikin akwatin nan kuma ɗan Adam ne, ba ya iya daɗewa a waje idan iska na yankan fuska. Filin da ke sallamar jirgi 60 a awa sai ya koma 20. Sauran 40 ɗin su ne ake sokewa, galibi tun kafin dusar ta fara.

Daga nan abin ya zama sarƙa. Jirgin da bai tashi daga Chicago ba, shi ake jira a wani gari mai rana tarwai. Matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi doka ta ƙayyade musu awannin aiki, in sun cika dole su huta, ko da fasinja sun zauna. Guguwar nan ta Disambar 2022 da ta binne Buffalo ta taɓa kowane kamfani, kuma ta zo da sauri mai ban tsoro: a birnin Cheyenne na Amurka ma'auni ya faɗo daga wajen digiri 6 sama da sifili zuwa 16 ƙasa da sifili cikin rabin awa. Sauran kamfanoni suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Kamfanin jiragen sama na Southwest kuwa, da jiragensa suka taru a biranen Denver da Chicago, sai tsarin kwamfutarsa na raba wa ma'aikata aiki ya kasa bin sawun canje-canjen. Kamfani ya rasa sanin inda matuƙansa suke, su kuma suna riƙe da waya awa da awanni suna jiran a ɗauka su faɗi inda suke. Gari ya washe, Southwest na ci gaba da soke kusan kashi biyu cikin uku na tashinsa. Kafin ƙarshen wata an soke kusan 17,000, fasinja wajen miliyan 2 suka rasa yadda za su yi, a Disambar 2023 kuma ma'aikatar sufurin Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 140. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa ƙungiyar matuƙan kamfanin ta daɗe tana nuna ta.

Kwatanta Landan da Helsinki. Ranar 18 ga Disambar 2010 dusar da ba ta kai santimita 10 ba ta durƙusar da filin jirgin Heathrow, aka soke tashi da sauka fiye da 4,000 cikin 'yan kwanaki. Share titin jirgi bai gagara ba, wuraren da jirage ke fakawa ne suka daskare da jiragen a kansu, ga shi filin titi biyu gare shi, kuma kusan a cike yake aiki kullum, babu sararin da za a rama abin da aka rasa. A Helsinki ta Finlan dusa ta ninka wannan sau da yawa, amma titi uku ne, ayarin motocin share dusa na jere suna gama ɗaya cikin ƙasa da minti 15 yayin da ake aiki da sauran. A Japan layin dogon Joetsu, da aka buɗe a 1982, an jera masa famfunan da ke fesa ruwan ɗumi a kan layi don dusa ta narke tana sauka. A Chicago za ka ga wuta na ci a gefen layin dogo da dare, ka zaci gobara ce, alhali murhun gas ne aka dasa a mahaɗar layuka don kada ƙanƙara ta riƙe ƙarfen da ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan. Mahaɗa ɗaya in ta ƙame a bakin babbar tasha, ta isa ta tsayar da jiragen rabin gari.

A nan ne ɗumama ke yin ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Duk waɗannan kaya kuɗi ne, ma'aikatansu kuma sai da horo. Garin da ke ganin dusa kwana 100 a shekara ba ya jayayya a kan sayensu. Amma wanda a da yake ganinta duk shekara, yanzu sai bayan shekara biyar ko bakwai, mai riƙe da baitulmali zai tambaya don me za a ajiye motoci 50 suna tsatsa. Direbobin da suka iya tuƙi a kan santsi su tsufa, sababbi ba su taɓa gwadawa ba. Ranar da abin ya zo, ga shi ya zo da ruwa fiye da na da, a tarar an manta yadda ake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Texas ta sha irin wannan sanyi a 1989 da 2011, hukumomin tarayya suka rubuta rahoto suna ba da shawarar a kare tashoshin wuta da bututun gas daga daskarewa, shekara goma bayan haka aka tarar da yawa ba a yi ba. Da wuta ta ɗauke a 2021, gidajen mai suka kasa bugo mai, kantuna suka wofinta don tireloli ba sa shigowa. Guguwar ta kuma taɓa Memphis da Louisville, cibiyoyin jigilar kaya ta sama, har allurar rigakafin korona kimanin miliyan 6 ta makara a faɗin ƙasar.

Wani lokacin ma an yi shirin, sai dai an yi shi don wani irin hunturu daban. Daren 18 ga Disambar 2009 jiragen ƙasa biyar na Eurostar suka mutu a cikin ramin da ya ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Faransa da Ingila, da fasinja fiye da 2,000 a ciki, wasu suka kai awa 16 kafin su ga haske. Dusa mai laushi kamar garin fulawa ta shige ta kafofin shan iskar injin tun a arewacin Faransa. Jirgi na shiga ramin, inda ɗumi ke kaiwa wajen digiri 25, ta narke ta jiƙa kayan lantarki.

Akwai kuma inda rashin sanyi ne ke tsayar da sufuri. A arewacin Kanada garuruwa da ma'adinai da yawa ba su da hanyar mota sai hunturu, idan tafkuna sun daskare a shimfiɗa hanya a kansu. Wadda ke tashi daga kusa da Yellowknife zuwa ma'adinan lu'ulu'u ɗaruruwan kilomita ce, mafi yawanta a kan ruwa, tana aiki kamar wata biyu a shekara. Sai kaurin ƙanƙara ya kai wajen mita ɗaya tirela mai cikakken kaya ke hawa, kuma ba ta wuce gudun kilomita 25 a awa, don kada igiyar ruwan da ke ƙarƙashi ta fasa hanyar. A 2006 hunturu ya zo da ɗumi, aka rufe ta da wuri, sai da jirgin sama aka ƙarasa kai mai da kaya da tsada mai yawa. Su waɗannan mutane addu'arsu sanyi ya yi tsanani.

Mu a nan namu hunturun da ƙura yake zuwa, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, amma darasin ɗaya ne. Hazo kan hana sauka a Kano da Maiduguri da Sakkwato kusan kowace shekara, kuma abin da ke raba filin da jirgi zai sauka da wanda za a juya shi shi ne na'urar da ke jagorantar matuƙi idan ba ya ganin titi, da ko an gyara ta an daidaita ta kafin lokacin. A Fabrairun 2020 jiragen ƙasashen waje da dama da suka nufo Legas a Accra suka sauka saboda haka.

In ƙanenka zai sake tafiya tsakanin Disamba da Fabrairu, ya nemi tashin sassafe, domin jirgin ya kwana a filin kuma jinkirin yini bai taru ba tukuna. Ya rage yawan canjin jirgi, in dole ne ya bar tazarar awa huɗu ko biyar, kuma duka tafiyar ta kasance a tikiti ɗaya, don in na farko ya makara kamfani ne zai nema masa wani. Magani da caja da kaya kala ɗaya su zauna a jakar hannu. Ya san haƙƙinsa kuma: in daga Tarayyar Turai ko Birtaniya ya taso, dole kamfani ya ba shi abinci da masauki ko da yanayi ne sanadi, sai dai babu kuɗin diyya. A Amurka in an soke tashi ya fasa tafiyar, za a mayar masa da kuɗinsa, amma doka ba ta tilasta musu ba shi ɗaki saboda dusa ba.

In kuma yana tuƙi a can, ka gaya masa wannan da bakinka. Idan dusa ta tsare shi a mota, kada ya bar inji na aiki gilasai a rufe ya kwanta. Dusa na toshe bakin salansa, hayaƙin da ba shi da wari ya dawo ciki, mutum ya yi barcin da ba ya tashi. A Murree ta Pakistan, Janairun 2022, fiye da mutum 20 da suka je kallon dusa suka mutu a cikin motocinsu, da yawansu ta wannan hanya. Ya fita ya share bayan motar tukuna, ya kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, ya ɗan sauke gilashi ta gefen da iska ba ta bugowa.